Babi na Shida: Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Duk wanda ya taɓa kama motar asuba daga tashar Jambutu zuwa Abuja ya san hanyar kamar yunwar cikinsa. A fita Jimeta ta Ngurore, a haye gadar Numan, a wuce Kaltungo da Gombe, a sha ruwa a Bauchi, sannan a hau tudun Jos. Nan direba ke rage hira. In an ce gari ba lafiya, sai ya shiga kiran abokan aikinsa da suka riga shi wucewa, yana tambayar ta inda za a bi. Shi ya sa da aka ce wani janar na soja ya ɓata a wannan hanya cikin Satumba na 2018, mutanen Yola da Jimeta ba su ɗauke shi labarin wasu ba. In janar zai ɓace shi da motarsa, ina ga mai kai shanu, ko ɗalibi mai komawa makaranta?

Manjo Janar Idris Alkali ɗan asalin Jihar Yobe ne, kuma 'yan makonni ke nan da ya ajiye kaki. Muƙaminsa na ƙarshe shi ne shugaban sashen mulki na rundunar sojojin ƙasa. Ranar Litinin 3 ga Satumba 2018 ya bar Abuja shi kaɗai cikin baƙar Toyota Corolla zai tafi Bauchi. Bai isa ba. A daren da ya gabata 'yan bindiga sun buɗe wuta a yankin Du, cikin ƙaramar hukumar Jos ta Kudu, sun kashe mutane sama da goma. Gari na wayewa matasa suka fito cikin fushi suka tare hanya. Cikin wannan taro Janar ya faɗa.

Mai tsegumi na farko a wannan bincike ba mutum ba ne, waya ce. Kowace wayar hannu takan bar sawu a turakun sadarwar da ta wuce, ko mai ita ya so ko ya ƙi, kuma sawun wayar Janar a Dura-Du ya tsaya. Amma iyakar abin da waya za ta faɗa ke nan: nan kusa ne. Ba ta san wane gida ba, wane rami, wane daji. Yankin kuwa cike yake da tsofaffin kududdufai da masu haƙar kuza suka bari tun zamanin Turawa, wasu zurfinsu ya fi tsawon bene. Wanne za a taɓa? Sai da bakin mutum ya shigo. Sojojin Runduna ta Uku da ke barikin Rukuba, ƙarƙashin Birgediya Janar Umar Muhammad wanda aka ɗora wa aikin neman, suka ce sun samu bayanin sirri da ya nuna musu kududdufi guda. Suka kafa injina suka fara zuƙe ruwa. Matan yankin suka fito sanye da baƙaƙen kaya suna cewa taɓa ruwan nan zai jawo musu bala'i. Sojoji ba su daina ba. Ranar Asabar 29 ga Satumba aka jawo motar daga ƙarƙashin ruwa, da riga mai tambarin soja da sunan Janar a jikinta.

Kwana ashirin da shida ke nan. Ku tsaya a kan wannan lissafi. Ba cikin dare aka yi abin ba, ba kuma a ɗaki ba. A kan titi aka yi, gaban jama'a, kuma mota ba allura ba ce da mutum ɗaya zai jefa ta ruwa ba wanda ya gani. Waɗanda suka sani suna da yawa tun ranar farko. Abin da ya ɗauki kwana ashirin da shida ba gano gaskiya ba ne, samun wanda zai furta ta ne.

Mota ta fito, gawa ba ta fito ba. Aka sake kusan wata guda. Ranar 26 ga Oktoba babban kwamandan rundunar, Manjo Janar Benson Akinroluyo, ya kira 'yan jarida ya nuna musu wani kabari marar zurfi, a buɗe, ba kowa ciki. A cewarsa nan aka fara binne Janar, da aka ga bincike ya matso sai aka tone aka sauya masa wuri. Abin da ya fi jan hankalina a bayaninsa shi ne yadda ya ce sun tabbatar da wurin. Mutum huɗu ne, ba wanda ya san da zaman ɗan'uwansa, kowanne a lokaci dabam, suka kai su ga rami ɗaya. Sannan aka kawo karnukan da aka shinshina wa kayan Janar, su ma suka nufi nan. A daidai wannan lokaci 'yan sanda suka fitar da sunayen mutum takwas da suke nema, wasu cikinsu suka kai kansu. Ranar Laraba 31 ga Oktoba, bisa jagorancin ɗaya daga waɗanda suka miƙa wuya, aka zuƙe wata tsohuwar rijiya a Guchwet cikin gundumar Shen, aka fito da gawar. An yi masa sutura a maƙabartar Gudu da ke Abuja ranar 3 ga Nuwamba.

Na kawo labarin dalla-dalla ne domin a ga yadda tsegumi ke aiki in an iya riƙe shi. Mai kawo labari ba ya kama kowa. Ba ya ɗaure kowa. Yatsa kawai yake nunawa, ya ce a duba can. In an duba an ga mota, to an samu abin da za a ajiye gaban alƙali, domin gani ya kori ji. In an duba ba a ga komai ba, maganarsa ta bi iska. Shi ya sa ƙwararren ɗan sandan ciki ba ya tambayar mai tsegumi "wa ya yi?" kaɗai. Tambayarsa ita ce ina wuƙar take, ina aka sayar da wayar mamacin, wa ya wanke keken washegari da sassafe, wane mai kemis ya ɗaure wa wani hannu a daren. Suna kowa zai iya ambata, har da maƙiyinka. Wurin da aka binne gawa kuwa sai wanda ya sani.

Doka ma haka ta ɗauki abin. Dokar Shaida ta 2011 ba ta yarda ɗan sanda ya tsaya a kotu ya ce "wani ya gaya mini wane ne ya kashe" a karɓa a matsayin hujja ba. Wannan ji-ta-ji-ta ce. Amma sashe na 30 ya ce in bayanin da wanda ake tuhuma ya bayar ya kai ga gano wani abu, to gano abin shaida ne, ko da ita maganar ba za ta karɓu ba. Sashe na 189 kuma ya hana a tilasta wa jami'in bincike faɗin inda ya samo labarinsa. Wato mai tsegumi yana da rumfa a doka. Ko rumfar tana tare ruwa, wannan magana ce dabam, za mu zo kanta.

Malamanmu na da sun riga mu tunani a kan wannan gaɓa. A fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan Yola suka yi hukunci da shi tun zamanin Modibbo Adama har zuwa shigowar dokar Final Kod a 1960, akwai abin da ake kira lausu: alama mai ƙarfi wadda ba ta kai cikakkiyar shaida ba. Misali mutum ya ambaci wanda ya sare shi kafin ransa ya fita, ko adali guda ɗaya ya ce ya gani. Lausu shi kaɗai ba ya sa a zartar da kisa. Ƙofa yake buɗewa ga ƙasama, inda dangin mamaci za su yi rantsuwa hamsin. Rantsuwa hamsin ba wasa ba ce ga mai tsoron Allah. An sa ta ne don kada maganar mutum ɗaya ta ci ran wani cikin sauƙi.

To me ke hana wanda ya sani magana? A Jimeta amsar ba ta da wuyar samu. Gari ne na kasuwa da tasha da bakin kogi, inda Bafulatani da Bahaushe da Babachame da Bakilbe da Bamargi da Ibo ke haya a gida ɗaya. A Luggere ko Doubeli ko Rumde, mai shayi ya san wanda ya shigo unguwa ƙarfe biyun dare. Mai cajin waya ya san wanda ya kawo wayoyi uku jiya alhali shekaranjiya ko ɗaya ba shi da ita. Mai gyaran Keke Napep ya san keken da aka cire wa lamba. Da 'yan Shila suka addabi gari da ƙwacen waya da sara, ba daga sama suka sauko ba. 'Ya'yan unguwa ne, an san iyayensu, an ci sunan wasunsu. Sai ɗan sanda ya zo bayan an ɗauke gawa, ya tambaya, kowa ya sunkuyar da kai: "Wallahi, Yallaɓai, ni fitowata ke nan."

Ba rashin imani ba ne. Lissafi ne. Mutumin ya san cewa ɗan sanda zai koma ofis, shi kuwa a nan zai kwana. Ya ji labarin wanda ya kai rahoto aka fara tsare shi, aka ce sai ya faɗi yadda aka yi ya sani. Ya ga wanda aka kama ranar Talata yana yawo ranar Juma'a, kuma ya san tambayar farko da mai fitowa ke yi ita ce wa ya kai shi. Babban tsoronsa shi ne kunnen da zai raɗa wa ya kasance mai yoyo. Wannan tsoro yana da tarihi a ƙasar nan. Lokacin da ɗan fashi Lawrence Anini ya hana birnin Benin barci a 1986, har Janar Babangida ya tambayi Sufeto Janar Etim Inyang ina Anini yake, tsegumi ne ya kai 'yan sanda gidan da aka kama shi ranar 3 ga Disamba na shekarar. Da ya buɗe baki sai ga shi wani babban jami'in ɗan sanda, George Iyamu, shi ke ba Anini da yaransa bayanai da makamai. Kotu ta yanke wa Iyamu hukuncin kisa. Ka ɗauka kai ne mutumin Benin da ya je ofis wata uku kafin nan, ka zauna gaban teburin Iyamu, ka ce ka san inda Anini ke kwana.

Arewa maso gabas ta ƙara nata darasin mai ɗaci. Bayan rikicin 2009, daga cikin waɗanda Boko Haram ta fara bi gida gida tana kashewa a Maiduguri akwai masu unguwanni da malamai da aka zarga da nuna 'yan ƙungiyar ga hukuma. Mutanen Mubi da Michika da Madagali da suka kwararo Yola gudun hijira a 2014 sun zo da irin waɗannan labarai, kuma ba a manta ba. Kafin nan tsarin sarauta shi ne kunnen hukuma: baƙo ya sauka, mai masauki ya gaya wa jauro, jauro ya kai wa mai jimilla, a haka har fadar Lamiɗo. Tsarin bai mutu ba, amma yanzu jauro ma mutum ne mai iyali da ke son ya kwana lafiya.

Ga kuma abin da ya samu kalmar kanta. Hausa ba ta taɓa yi wa mai kai rahoto suna mai daɗi ba: ɗan rahoto, magulmaci, munafuki, mai kai-komo. Tun zamanin En'e, lokacin da raɗa ɗaya a kunnen hakimi kan kai ɗan NEPU gidan yari, sunan ya ɓaci. Yau kuma in ka ce "infoma" a Zamfara ko Katsina, ba wanda zai ɗauka mai taimakon hukuma kake nufi. Infoma shi ne na cikin gari mai gaya wa 'yan bindiga wa ya sayar da shanu, wa ɗansa ya turo kuɗi. Ɓarayin daji sun fahimci abin da karin magana ya faɗa, cewa da ɗan gari akan ci gari, kuma suna biyan nasu a kan kari, suna rufa musu asiri. A nan sun sha gaban hukuma, abin kunya ne amma gaskiya ce. Gwamnatin tarayya ta fito da tsarin kwarmata bayanai a Disamba na 2016, mai ba da ladan kashi biyu da rabi zuwa biyar cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato, kuma shi ya kai ga dala miliyan 43 da aka samu a wani bene a Ikoyi cikin Afrilu na 2017. Amma wannan na kuɗi ne. Wanda ya nuna inda aka binne mutum ba shi da kashi ko ɗaya cikin ɗari na komai.

Wani zai fake da addini ya ce an hana gulma da bin diddigin mutane. Haka ne, Suratul Hujurati ta hana. Amma Suratul Baƙara, aya ta 283, ta hana ɓoye shaida, kuma malamai ba su taɓa sa tona asirin mai kisa cikin gulma ba. Ita Hujuratin dai ita ce ta yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi. Wannan rabin umarnin shi muka fi sakaci da shi. Sau nawa aka yi ihun "ɗan Shila!" a Jimeta, kafin 'yan sanda su iso an riga an rufe yaro da duka, wani lokaci har da taya da fetur? Wannan ma tsegumi ne, sai dai an kai shi kotun da ba ta tambayar hujja, ba a kuma ɗaukaka ƙara a cikinta. In yaron ɓarawo ne, an binne sunayen abokan aikinsa da mai sayen kayansa tare da shi. In ba shi ba ne, an sami sabon kisa da unguwa guda za ta yi shiru a kansa.

Kada a ɗauka ƙasashen da suka ci gaba sun tsira daga wannan. A Ingila, lokacin da ake farautar mutumin da ke kashe mata a yankin Yokshaya, wani ya aika wa 'yan sanda kaset a 1979 yana cewa shi ne. Manyan masu binciken suka gaskata, suka koma neman mai irin karin harshen da ke cikin kaset ɗin. Peter Sutcliffe, wanda shi ne mai kisan, an yi masa tambayoyi har sau tara ana sallamarsa, kuma ya kashe ƙarin mata uku bayan zuwan kaset ɗin. A ƙarshen 1980 wani abokinsa ya rubuto wasiƙa ya ambaci sunansa, wasiƙar ta nutse cikin tarin takardu. Sai a Janairu na 1981 aka kama shi, a kan lambar mota ta bogi. Ƙarya ta samu kunne, gaskiya ta rasa mai buɗe ambulan.

Na Amurka ya fi taɓa zuciya. Shekara goma sha bakwai, daga 1978 zuwa 1995, wani yana aika bama-bamai cikin ƙunshin saƙo, ya kashe mutum uku ya raunata ashirin da uku, hukumar FBI ta rasa ko wane ne. Da jaridar Washington Post ta buga doguwar maƙalarsa a Satumba na 1995, wani mutum mai suna David Kaczynski ya karanta ya ji salon yayansa Ted a ciki. Ya yi watanni yana jayayya da zuciyarsa kafin ya kai bayani ta hannun lauya, bisa sharaɗin a ɓoye sunansa. An kama Ted a wata bukka a Montana ranar 3 ga Afrilu 1996, sunan David kuwa ya fita duniya nan take. An ba shi ladan dala miliyan ɗaya, ya raba mafi yawansa ga waɗanda abin ya shafa. Mu da muke cewa naka naka ne ko ya ci namanka, sai mu tambayi kanmu ko akwai uwa a unguwar Nassarawo da za ta ga jini a rigar ɗanta ta nufi ofishin 'yan sanda maimakon bakin famfo. Akwai su. Ba a jin labarinsu ne, kuma gara haka.

Akwai kuma kisan da har yau bakin bai buɗu ba. An harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yana limancin sallar asuba a masallacinsa na Ɗorayi a Kano ranar Juma'a 13 ga Afrilu 2007, sahu cike da mutane. An yi zarge-zarge iri iri, amma ba a taɓa samun wanda kotu ta tabbatar wa laifin ba. Waɗanda suka shirya, da wanda ya tuƙa, da wanda ya ba da masauki, ba aljanu ba ne.

Shari'ar waɗanda aka kama kan kisan Janar Alkali ta fara a babbar kotun Jihar Filato a ƙarshen 2018. Sun musanta tuhumar, alƙalin farko ya yi ritaya, shari'a ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Mutum huɗun da suka nuna ramin ba a faɗi sunayensu ba, kuma ina fata ba za a taɓa faɗa ba. 

Saura abu ɗaya da na ajiye. Da ruwan kududdufin Dura-Du ya ja baya, ba motar Janar kaɗai aka gani ba. An jawo wata farar bas ƙirar Toyota Hiace, aka kuma jawo wata jar ƙaramar mota, dukansu na mutanen da aka daɗe da cigiyarsu, ɗaya tun shekaru kafin nan. Ba neman su aka je yi ba.